Jan Ƙyallen Kawu Sammani

Duk wanda ya taɓa zama a Ƙofar Durbi ya san 'Yan Tabarma. Matan unguwa ne masu rera waƙoƙin bege da na gargaɗi a wurin suna da walima da saukar karatu. Asalinsu makarantar matan aure ce da ake yi bayan la'asar a gidan Inna Tani. Idan an tashi karatu sai wasu su ƙi tafiya gida, don sun san wanke-wanke ne kawai yake jiransu, su baje a tabarma, Inna Tani tana ba da baiti suna amsawa. Ana haka wata maƙwabciya ta haihu ta ce su zo su yi mata, wata ta aurar da ɗiya ta ce ita ma. Shi ke nan fa, ƙungiya ta kafu ba wanda ya kafa ta. Ba su da shugaba, ba su da anko. Tabarmarsu suke naɗowa su shimfiɗa, su zauna gwiwa na taɓa gwiwa. Wadda ta manta baiti ta tsince shi a bakin ta kusa da ita, wadda jaririnta ya yi kuka ta ba shi nono ana ci gaba.

Hauwa'u tana cikinsu tun ɗiyarta Rashida tana goye. Mace ce doguwa mai fargaba, irin wadda in yaro ya yi atishawa ta fara neman mayafin zuwa asibiti. To, Rashidar nan ce ta girma za a aurar da ita ga Mahmud, ɗan wani gida a GRA.

Ranar kawo lefe, gwaggon ango Hajiya Sadiyya ta zauna a kan kujerar da aka aro mata, ta kalli rufin ɗaki, ta kalli randa, ta kalli akuyar da ke ɗaure a gindin darbejiya, sannan ta yi murmushi.

"Maganar walima kuma, kada ku wahalar da kanku," in ji ta. "Za mu ɗauko mawaƙa daga Kano da kayan sautinsu."

Hauwa'u, wadda ko mai kayan miya ba ta iya yi wa musu, sai ta ji bakinta ya ce, "A'a Hajiya, ai muna da namu."

"Naku?"

"Namu na unguwa."

"To madalla," in ji Hajiya Sadiyya, tana gyara zoben hannunta. "Ma zo mu ji."

Tun daga ranar Hauwa'u ta rasa sukuni. Ta san halin dangin miji. In aka ji kunya a walimar nan, ba ita za a riƙa yi wa gori ba, Rashida ce. Yarinya za ta zuba gishiri ya yi yawa a ce ai daga unguwar mawaƙa ta fito. Za ta haihu, ta yi jika, ana ba da labarin ana dariya.

A wannan hali yayanta Sammani ya same ta. Sammani masinja ne da ya yi ritaya daga wani ofis. Sau ɗaya a rayuwarsa ya je Abuja, riƙe da jakar maigidansa, ya ga wasu mawaƙa a wani babban taro sun yi sahu-sahu, wani mutum a gabansu yana kaɗa 'yar sanda. Farkon dawowarsa ya ce daga bakin ƙofa ya hango su. Bayan 'yan shekaru ya zama a layin gaba ya zauna. Zuwa bana kuwa, mai sandar da kansa ne ya sauko ya nemi shawararsa.

"Ke mi kike ma kuka?" ya ce. "Kina da yaya irina a duniya kina zubar da hawaye?"

Ta faɗa masa.

"Ai gara da abin ya zo haka. Na daɗe ina son in gaya maku, abin da kuke yi ba waƙa ba ce, hira ce mai amo. Mutane su zube a ƙasa kamar masu tsince shinkafa. Daga gobe ni zan karɓi ragama. Tsaye za ku yi, sahu-sahu, gajeru gaba dogaye baya. Babu mai ja babu mai amshi, kowa baki ɗaya. Ni kuma ina gaba da sanda."

"Yaya, sanda kuma? Ta mece ce?"

"Ta ilimi ce. Ba za ki gane ba."

Hauwa'u ta so ta ƙi. Amma shi ne kawun amarya, shi ne babba a ɗakinsu, kuma ya ambaci Abuja. Ta ce to.

Washegari bayan la'asar mata suka taru a tsakar gidan Inna Tani, Sammani ya yi sallama ya shigo da eriyar tsohuwar rediyo a hannu. Ya ce a naɗe tabarma. Aka naɗe ana kallon juna. Ya ce a jeru bisa tsawo, nan fa gardama ta tashi. Halimatu ta ce ta fi Jamila tsawo, Jamila ta ce ɗaurin ɗankwali ne, a kwance a gani. Wata ta ce ba za ta tsaya bayan wadda aka kawo unguwar tana amarya a gabanta ba. Har rana ta yi ja ana auna kafaɗa.

Da sahu ya daidaita, Sammani ya gyara tsayuwa, ya ɗaga eriya, ya dubi gabansa. Wadda ta fi kowa gajarta, wadda tsarinsa ya ajiye a tsakiyar layin gaba daidai saitin hancinsa, ita ce Inna Tani. Inna Tani kuwa surukarsa ce, uwar matarsa Rahmatu. Tun da ya auri ɗiyarta bai taɓa haɗa ido da ita ba, ko a hanya ya hango ta hanya yake sauyawa.

Ya ɓoye eriya a bayansa, ya zube ƙasa. "Inna, ina wuni."

Inna ta juya fuska wajen bango. "Lafiya lau. Rahmatu, tambayar mani mutumin nan, ni zai doka da ƙarfen?"

Rahmatu tana layi na biyu. Ta ce, "Malam, Inna ta ce ita za ka doka?"

"Ki ce mata Allah Ya tsare ni. Alama ce kawai."

"Inna, ya ce alama ce."

"Ki ce masa na ji, ba kurma ba ce ni."

Tsakanin Inna da surukinta bai fi taku guda ba, amma haka aka yi ta aika Rahmatu har aka kira magariba.

Kwana na gaba sabuwar matsala ta fito. Sammani ya ɗaga eriya, ya sauke, ya sake ɗagawa, ba wadda ta buɗe baki. Kowacce idonta na kan yatsun ƙafarta.

"Ku kalle ni mana," ya ce.

"Mu kalle ka mu ce mun ga mi?" in ji Halimatu. "Mijin wata ne kai. Mu matan aure mu tsaya mu zuba maka ido, a ce mana mi a gari?"

"A Abuja kallon mutumin suke."

"To ka ɗauko na Abujan."

Sammani ya tafi gida ya yi tunani irin na manya. Ya dawo da doguwar gora, irin wadda ake kaɗo mangwaro da ita, ya ɗaura jan ƙyalle a samanta. Ya ce tunda kunya ta hana su kallon fuskarsa, to su kalli ƙyalle, ƙyalle ba mijin kowa ba ne. In ya yi sama, a fara da ƙarfi. In ya yi ƙasa, a yi tsit. In ya kaɗa da sauri, a ƙara sauri.

"Ko gobara ake yi a gabanku, idonku na kan ƙyalle," ya ce. "Wadda ta kalli wani wuri ita ta kunyata Rashida."

Wannan kalma ta ƙarshe ta shiga Hauwa'u har ƙashi. Ita da kanta ta riƙa bin matan gida-gida tana roƙonsu su yi wa Allah su bi ƙyalle.

Talle tela, wanda shagonsa ke jikin katangar gidan, ya ga jan abu yana sama yana ƙasa ta saman katanga. Da Sammani ya fito ya tare shi.

"Malam Sammani, gero aka shuka a gidan Inna ne kake korar tsuntsaye?"

"Kai dai ɗinki ka sani."

"Jiya na ɗauka jirgin ƙasa kake tsayarwa, har na leƙa ko an shimfiɗa dogo."

"Ka yi ta dariya. Ranar walima za ka nemi mu ɗauki hoto tare. Kawo tef ɗinka ma ka auna ni, kwat nake so mai jela a baya."

"Mai jela kamar ta wa?"

"Kamar ta mutumin Abuja."

"To, in dai jela ce, ka zo wurin da ya dace," in ji Talle.

Horo ya kama mata sosai. Har ta kai Jamila tana tsakar gidanta mijinta ya ɗaga jar darduma zai kakkaɓe, ta saki muciya ta ɓarke da waƙa. Mijin ya tsaya da darduma a sama yana tambayarta ko a kira mai ruƙiyya. Ƙafafu suka kumbura saboda tsayuwa. Baitocin da aka shekara ana rerawa suka fara zubewa, don yanzu ba gwiwar da ke taɓa ta wata. Hauwa'u, da yake doguwa ce, an kai ta can layin baya kusa da wata mai murya kamar ana jan ƙyauren kwano, alhali duk zamanta a ƙungiya daga bakin Rahmatu take ɗaukar baiti.

Sannan Sammani ya kawo sabuwar waƙa da ya tsara don yabon dangin ango. Sunan ango ya fito sau ɗaya a can ƙarshe. Amshin kuwa shi ne:

Dangin ango sannunku da zuwa,
Kawu Sammani ne ya tara mu.

Inna Tani ba ta faɗar sunan suruki, don haka duk inda aka zo wurin sai ta ce, "Kawu wane ne ya tara mu." Kuma muryarta ta fi ta kowa fita.

Ana saura kaɗan biki Hauwa'u ta same shi a zaure. "Yaya, don girman Allah, da mun koma tabarmarmu. Gabana faɗuwa yake."

"Gabanki tun kina yarinya yake faɗuwa, har yau bai kai ƙasa ba. Tabarma a gaban mutanen GRA? Ki bari kawai. Hajiyar nan sai ta nemi lambar wayata."

Ranar walima aka tashi da ruwan sama, bai ɗauke ba sai wajen azahar. Da ma tun jajibiri aka kafa rumfunan tamfol a ƙofar gida, ta maza daban ta mata daban, ruwa ya taru ya yi tumbi a saman ta maza ba wanda ya kula. An ɗauke wuta, sai Sammani ya sa aka kawo janareta, kuma da hikimarsa aka ajiye shi daidai bayan mawaƙa, wai don kada ƙararsa ta dami manyan baƙi. Layin baya ya ɗora su a kan benci. Daga inda Hauwa'u take tsaye ba ta jin komai a duniya sai rurin inji.

Baƙi suka cika. Ga liman, ga mai unguwa, ga Alhaji Siddiƙu uban ango da abokansa cikin manyan riguna masu ƙamshi. A rumfar mata ga Hajiya Sadiyya ta ɗora jaka a cinya, ga Rashida a lulluɓe a tsakiyar ƙawaye.

Sai ga Sammani ya fito. Kwat mai jela a kan kaftani, farar safar hannu, gora a kafaɗa. Ya taka a hankali har gaban mawaƙa, ya tsaya, ya juya wa rumfar maza baya.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Wani dattijo daga dangin ango ya ce, "Wane ne wannan ya ba mu ƙeya?"

Sammani ya ji. Duk iliminsa na Abuja bai kai ya bar dattawa suna kallon ƙeyarsa ba. Ya juyo da sauri, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. "Allah Ya ja zamaninku, a gafarce ni."

Hannun da ya ɗaga shi ne mai gora. Ƙyalle ya yi sama.

"Dangin ango sannunku da..."

Ya zube ƙasa gaban Alhaji Siddiƙu don ya ba da haƙuri. Ƙyalle ya yi ƙasa, waƙa ta yanke kamar an toshe bakin tulu.

"Alhaji, ina wuni."

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya." Ya ɗan ɗago.

"Dangin an..."

"Ya iyali?" Ya sake russunawa. Tsit.

"Lafiya lau. Ya hidima?"

"Mun gode Allah." Ya ɗago.

"Dangin..."

Gaisuwar Katsina kuwa ba a yanke ta a tsakiya. Sai da aka tambayi gida, aka tambayi ruwa, aka tambayi masu jiki, sannan ya matsa ga na kusa da Alhaji aka sake daga farko. Duk wannan lokaci mata suna farawa suna yankewa kamar masu shaƙuwa. Talle tela ya jingina da turken rumfa yana cewa wanda ke kusa da shi, "Kada ka ce komai, haka ake yi a Abuja."

Mai gabatarwa ya ga abin zai lalace, ya karɓi makirfo ya ce a natsu, liman zai buɗe taro da addu'a. Wuri ya yi shiru. Liman ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Sammani, da yake shi ma Musulmi ne, ya ɗaga nasa biyun, gora a maƙale tsakanin yatsu, ƙyalle ya miƙe sama sosai yadda bai taɓa miƙewa ba.

Mata ba su ji an ce addu'a ba, inji ya hana. Ba su ga an ɗaga hannu ba, idonsu na kan ƙyalle. Abin da suka gani kawai shi ne, a ƙarshe dai mutumin nan ya tsai da shawara. Suka cika ƙirji suka saki murya gaba ɗaya.

"Dangin ango sannunku da zuwa, Kawu Sammani ne ya tara mu."

Liman ya tsaya a tsakiyar salati, ya buɗe ido ɗaya.

Sammani ya rikice. Maimakon ya sauke gora, sai ya hau kaɗa ta yana cewa su bari, su bari. Kaɗawa kuwa shi da bakinsa ya ce sauri take nufi. Suka ƙara sauri. Ya ƙara kaɗawa, suka ƙara. Muryar Inna Tani tana saman ta kowa, "Kawu wane ne ya tara mu, Kawu wane ne ya tara mu."

Hauwa'u ce kaɗai fargaba ta sa ta saɓa doka. Ta saci kallon Hajiya Sadiyya don ta ga ko abin yana burge ta, sai ta ga hannun Hajiya a sama, hannun kowa a sama, bakin liman a buɗe. Ta mintsini ta kusa da ita.

"Addu'a ake yi, ku yi shiru."

"Idonki kan ƙyalle," in ji matar, ta ci gaba da jan ƙyaurenta.

Sammani yana ja da baya yana kaɗa gora har ya shiga ƙarƙashin rumfar maza. Kan gora ya soki tumbin tamfol. Ruwan da ya taru tun safe ya sauko gaba ɗaya, rabi a kan kwat mai jela, rabi a kan Alhaji Siddiƙu da abokansa. Gora kuma ta huda tamfol ta maƙale a ƙarfen rumfa, ƙyalle ya leƙo ta sama yana kaɗawa a iska.

Ƙyalle na sama, don haka waƙa ba ta tsaya ba.

Sammani yana tsalle yana son ya ciro gora, jela tana ɗigar ruwa. Alhazai suna matse hula. Mai unguwa yana cewa a kama shi, ba a san wa zai kama wa ba. Sai da Talle ya gama dariyarsa tsaf sannan ya zagaya ya kashe janareta. A cikin shirun da ya biyo baya mata suka ji muryarsu ita kaɗai a unguwa, suka sauke ido ɗaya bayan ɗaya, waƙar ta mutu a bakin Jamila.

Inna Tani ta dubi rumfa, ta dubi alhazai, ta juya fuska gefe. "Rahmatu, ki ce wa mijinki in ya gama wankan, ya sauko da tutarsa. Ni ƙafata ta gaji." Ta zauna a ƙasa daɓas. Sauran ma suka zauna.

Liman ya sake ɗaga hannu ya ƙarasa addu'arsa a natse. Da ya zo ƙarshe ya ce, "Allah Ya shirye mu baki ɗaya, Ya fara da na kusa." Aka shafa da amin mai ƙarfi.

Hauwa'u ta sauko daga benci. Ta hango Hajiya Sadiyya ta taso ta nufo ta, tana goge ido da bakin mayafi, kwalli duk ya zubo mata. Hauwa'u ta ce a ranta shi ke nan, an gama da Rashida.

"Maman amarya," in ji Hajiya, tana danne dariya. "Na je biki a Kano, na je a Kaduna, ban taɓa ganin Yaya Alhaji ya jiƙe a gaban jama'a ba sai yau. Yarinyar da ta tashi a cikin wannan ba za ta bar mu da kewa a gida ba."

Hauwa'u ta kasa gane ko yabo ne ko gorin ne aka fara tun ba a kai amarya ba.

"Bayan Sallah zan aurar da tawa ɗiyar," Hajiya ta ci gaba. "Na fasa na Kano. Mutumin nan nake so, da jelarsa da komai. Matan ma in suna da sarari su biyo shi."

"Hajiya, ai kuskure ne..."

"Kada a gyara komai. In kika hana ni shi, ni da ke ne, kuma ɗiyarki a hannuna take."

Sammani yana bayansu yana matse safar hannu, ashe ya ji komai. Ya matso yana ɗigar ruwa, ya dubi ƙanwarsa daga sama har ƙasa.

"Mi na ce maki? Ki ba ta lambar wayata, Hauwa'u." Ya juya wajen matan da ke zaune a ƙasa suna murza ƙafa. "Gobe bayan la'asar kowa ta fito. Wannan karon gida babba za mu, gora biyu zan riƙe."